Mace ɗaya cikin 83

Jawabin da na gabatar a zaman tunawa da ranar 13 ga Mayu, a Maraɗi



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku 'yan uwa maza da kuka laɓe can baya kuna leƙe, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zafi. Watan Mayu a Maraɗi ba wasa ba ne, don haka ba zan ja ku da nisa ba, ko da yake duk wanda ya faɗi haka da makirfo a hannunsa, ku sa masa ido.

An ce in yi magana a kan mata da majalisar dokoki. Da na faɗa wa wata ƙawata, sai ta yi dariya ta ce, wace majalisa? Gaskiyarta. Tun 26 ga Yuli 2023 ba mu da majalisar da jama'a suka zaɓa, kundin tsarin mulkin 2010 kuma an jingine shi. Amma ni a ganina wannan ne ma dalilin da ya sa ya kamata mu yi maganar yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko ba daɗe ko ba jima za a sake rubuta ƙa'idar yadda ake zaɓen wakilai a ƙasar nan, kuma in ranar ta same mu ba mu san abin da muke nema ba, wasu za su rubuta mana.

Zan kawo muku labarin mace ɗaya. Sunanta Aïssata Karidjo Mounkaïla. Kar ku haɗa ta da Aïssata Moumouni, wadda ita ce mace ta farko da ta shiga gwamnati zamanin Janar Ali Saibou. Sunayen sun yi kama, ni kaina na sha cakuɗa su lokacin ina jami'a. Waccan minista ce, wannan da nake magana a kanta depite ce.

Daga samun 'yancin kai a 1960 har kusan shekara talatin, babu mace ko ɗaya da ta zauna a majalisar dokokin Nijar. Sai a watan Disamba 1989, lokacin jam'iyya ɗaya, MNSD, aka zaɓi 'yan majalisa 93, biyar daga cikinsu mata. Madam Mounkaïla tana cikin biyar ɗin nan. Zaɓe ne da ba a yi takara da kowa ba, lista ɗaya ce aka kawo wa mutane, kuma ba na son mu yi masa kwalliyar da ba shi da ita. Yawancin matan wancan ƙarni, ƙungiyar AFN da aka kafa a 1975 zamanin Kountché ita ce makarantarsu ta siyasa, ƙungiya ce kuma ta hukuma. Wasu daga cikinmu matasa in sun ji haka sai su taɓe baki. To, a taɓe. Amma a can suka koyi yadda ake jagorantar taro, yadda ake rubuta rahoto, yadda ake zama da maza masu iko a fita da abin da aka shigo nema. Wannan ilimin bai ruɓe ba da jam'iyya ɗaya ta faɗi.

Ranar da muke tunawa yau ta zo bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. Ana shirin babban taron ƙasa, aka kafa kwamitin share fage, aka sa mace ɗaya tak a cikinsa. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titin Yamai har ofishin firaminista, aka ƙara musu kujeru. Kowa a nan ya san wannan, kowace shekara ana maimaita mana shi, ana ɗinka anko, ana rawa. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne abin da ya biyo baya. Dimokuraɗiyyar da matan nan suka yi wa tattaki, da ta zo, ba ta ƙara musu kujeru a majalisa ba. Jam'iyyu suka yi yawa, takara ta yi zafi, kuɗi ya shigo, aka ture mata gefe. A zaɓen Nuwamba 1999, shekara goma bayan waɗancan biyar na farko, aka zaɓi 'yan majalisa 83. Mace ɗaya ce a cikinsu: Aïssata Mounkaïla, ƙarƙashin MNSD-Nassara.

Ina so ku tsaya ku ga hoton. Zaure cike da manyan riguna da rawuna, Mahamane Ousmane yana saman kujerar shugabanci, maza 82, ita kaɗai. A zauren nan ne, cikin wata shida da fara aiki, aka amince da dokar da ta fi kowace doka buɗe wa mata ƙofar majalisa, doka mai lamba 2000-008 ta ranar 7 ga Yuni 2000, wadda muke kira dokar kota.

Ta yaya? Ƙuri'arta ɗaya ce. Ko da ta yi magana kamar ana zuba zuma, hannu ɗaya za ta ɗaga. Kafin in amsa sai na ɗan kai ku cikin yadda majalisa ke aiki, don nan ne yawancinmu muke da rauni, har da mu da muka yi karatun.

Abin da muke gani a telebijin, babban zaure, ana ta da murya, ana buga tebur, shi ne ƙarshen tafiyar doka. Tuwon an riga an tuƙa shi a wani wuri. Ƙudurin doka yana fitowa ko dai daga gwamnati ko daga ɗan majalisa, kuma mafi yawa daga gwamnati yake fitowa. In ya iso, ba kai tsaye ake kai shi zaure ba. Akwai taron shugabanni, inda shugaban majalisa da mataimakansa da shugabannin kwamitoci da na rukunonin jam'iyyu suke zama su tsara abin da za a duba da ranar da za a duba shi. Ƙudurin da ba a sa cikin jadawali ba, zai iya kwana cikin durowa har wa'adin majalisar ya ƙare, ba wanda ya ƙi shi, ba wanda ya karɓe shi. Wanda aka sa kuma, ana miƙa shi ga kwamiti ɗaya da zai duba shi ciki da waje, wasu kwamitocin su ba da ra'ayi kawai. A kwamiti ne ake kiran minista ya yi bayani, ake sauraron ƙungiyoyi da malamai da masana, ake bin ayoyin dokar ɗaya bayan ɗaya, a goge kalma a sa wata. Sai a rubuta rahoto. Rahoton nan shi ake karanta wa zaure, kuma sau da yawa abin da ya ce shi zaure ke bi.

To ku auna mace ɗaya da wannan tsari. Kwamitocin dindindin suna da yawa: na kuɗi, na tsaro, na harkokin waje, na raya karkara, na tattalin arziki, na jin daɗin jama'a da al'adu, da na hukumomi da tsarin mulki. Ɗan majalisa a ɗaya yake da kujera. Ma'ana duk inda ta zauna, sauran kwamitocin babu mace ko ta magani. Ba za ta iya kafa rukuni ita kaɗai ba. Lokacin magana a manyan muhawarori rukuni ake raba wa, shugaban rukuni ya yanka wa mutanensa. In bai ba ki minti ba, kina iya ɗaga hannu har ya sage.

Amma tana da abu uku, kuma su nake so mu riƙe.

Tana da daɗewa. Ba baƙuwa ba ce a zauren. Ta ga majalisar jam'iyya ɗaya, ta ga ta jam'iyyu da yawa, ta ga an rushe an sake ginawa. Da yawa daga cikin mazan da suka shigo a 1999 ta riga su sanin ƙofofin gidan. Wanda ya san dokar cikin gida ta majalisa ba a yi masa wayo da ita.

Tana kuma cikin masu rinjaye. A majalisar 1999 MNSD tana da kujeru 38, CDS tana da 17, su biyu suka haɗa 55 suka kafa gwamnati, Tandja Mamadou yana shugaban ƙasa, Hama Amadou yana firaminista. Ƙudurin kota daga gwamnati ya fito, ta hannun ma'aikatar da ke kula da ci gaban mata, wadda Nana Aïcha Foumakoye ke riƙe da ita lokacin. Ƙudurin gwamnati kuwa, in masu rinjaye sun daidaita a ɗakinsu, ya wuce. Saboda haka wurin da muryar mace ɗaya ke da nauyi shi ne taron rukuninta, ƙofa a rufe, ba kyamara, inda take fuskantar abokan jam'iyyarta ido da ido. Mutum yana iya yi wa mata ba'a in babu mace a ɗakin. In tana zaune gabansa, wadda ta girme shi a jam'iyya, wadda suka yi yawon kamfe tare, sai bakin ya yi nauyi.

Na ukun yana waje. Ƙungiyoyin mata, irin su CONGAFEN da RDFN da ƙungiyar mata masana shari'a, sun shekara da shekaru suna bugun wannan ƙofa. Ita tana ciki, minista tana gwamnati, su suna waje. Murhu ke nan mai duwatsu uku. Cire ɗaya ku ga ko tukunya za ta zauna.

Yanzu ku dubi dokar kanta, don akwai wayo a cikinta. Ba ta ce a ba mata kaza ba. Cewa ta yi kowane jinsi daga cikin biyun kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka zaɓa, da kashi 25 na waɗanda aka naɗa a gwamnati da manyan muƙamai. Namiji ba zai ce an yi dokar don a cuce shi ba, tunda a takarda shi ma ta kare shi. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci: ta ɗora ma'aunin a kan sakamakon ƙarshe. A ƙasashe da dama an yi kota a kan 'yan takara kawai, jam'iyyu suka jera mata a gindin lista inda kujera ba ta kaiwa, aka cika doka, ba mace ta shiga. A tamu, waɗanda suka ci ake ƙirgawa. Bambancin 'yan kalmomi ne a cikin aya ɗaya, kuma irin wannan bambancin a kwamiti ake samunsa ko a rasa shi.

Kashi 10 bai kai abin da mata suka so ba. Na tabbata da ni ce a wurin, da zafin kaina na yanzu, da na ce a bar shi, raini ne. Amma a zaɓen 2004 mata 14 suka shiga majalisa. Daga ɗaya zuwa 14. A 2014 aka ɗaga kason zuwa 15, a 2019 aka kai shi 25 na zaɓaɓɓu da 30 na naɗaɗɗu. Da ba a karɓi goman ba, da ba abin da za a ɗaga.

Ga wani lissafi da na yi da kaina, ya ba ni dariya ya kuma ba ni haushi. A 2004 an ƙara yawan kujeru daga 83 zuwa 113. Maza suna da 82 a da, suka koma 99. Ba wanda ya tashi ya ba mace wuri, benci aka ƙaro. Da aka ɗaga zuwa kashi 15, kujeru suka koma 171. Sai a gyaran 2019 ne kason ya tashi alhali kujeru suna nan yadda suke. Ban faɗi wannan don in rage darajar abin da aka samu ba. Na faɗa ne don mu san yadda ake ciniki a wurin nan.

To, yawa ya zo. Ya wadatar?

A watan Yuni 2006 aka kawo wa majalisa yarjejeniyar Maputo, ta Tarayyar Afirka a kan haƙƙin mata. Aka kaɗa ƙuri'a: 42 suka ƙi, 31 suka yarda, 4 suka ƙaurace. Ta faɗi. Na san a ɗakin nan ra'ayinmu ba ɗaya ba ne a kan yarjejeniyar. Akwai ayoyi a cikinta, na shekarun aure, na gado, na zubar da ciki, da malamai da iyaye da yawa suka ga sun ci karo da addini, kuma ni musulma ce, ba zan ce damuwarsu wasa ce ba. Ba hukuncin Maputo na zo yi ba. Lissafin nake so ku gani. Ku haɗa 42 da 31 da 4, za ku samu 77. 'Yan majalisa 113 ne. Mutum 36 ba su fito cikin lissafin ba, ratar kuwa 11 ce kawai. Duk wanda ke son ƙuduri ya wuce, aikinsa na farko shi ne ƙirga kawuna tun kafin ranar: wa zai zo, wa ya yi tafiya, wa ya bar wa wani wakilcin ƙuri'arsa, wa zai fita shan iska daidai lokacin ɗaga hannu. Kuma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba kamar dokar gida ba ce da za a bi aya aya a gyara. Izinin amincewa da ita ake nema, a karɓa ko a ƙi. In ba a warware damuwar mutane tun a waje ba, a masallaci da rediyo da zauren mai gari, to a zauren majalisa ba sauran wurin gyara.

Mace ɗaya a 2000, doka ta wuce. Mata 14 a 2006, ƙuduri ya faɗi. Batutuwan ba ɗaya ba ne, na yarda, na biyun ya fi zafi nesa ba kusa ba. Amma ya isa ya nuna mana cewa yawan kujeru shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Haka aka yi a 2012 da ƙudurin kare karatun ɗiya mace, ya iso majalisa ya maƙale, sai a Disamba 2017 gwamnati ta fitar da shi a matsayin dokar zartarwa, ba ta hanyar zaure ba. Irin wannan hanya tana da sauri. Yarjejeniyar CEDAW ma a 1999 Nijar ta shige ta, zamanin mulkin riƙon ƙwarya na Daouda Malam Wanké, babu majalisa, tare da sharuɗɗa a kan wasu ayoyi. Sai dai abin da sa hannun mutum ɗaya ya bayar, sa hannun mutum ɗaya yana iya karɓewa. Dokar kota ta rayu fiye da shekara ashirin, ta tsallake juyin mulkin 2010, har kundin tsarin mulkin shekarar ya ambaci kota a ayarsa ta 22, kuma ina ganin dalili shi ne an yi gardama a kanta a fili, maza sun ɗaga hannu da kansu.

Bari in sauko ƙasa, don kar ku ce maganar Yamai ce kawai.

Ina da gwaggo da ta zama kwansaye a wata ƙaramar hukuma, ba zan faɗi wacce ba. Kota ce ta shigar da ita, ita ma ba ta ɓoyewa. Abu ɗaya ta shiga da shi a ranta: ɗakin haihuwar garinsu ba shi da ruwa, mai naƙuda sai danginta sun biyo ta da jarka. Shekarar farko, duk zaman da aka yi sai ta jira har an gama komai, an zo wurin da ake cewa ko akwai mai wata magana, sannan ta miƙe ta faɗi matsalar ruwa. A tafa mata. A ce Hajiya ta yi gaskiya, Allah ya kawo mafita. A tashi. An riga an kaɗa ƙuri'ar kasafin kuɗi awa biyu da suka wuce, da hannunta a ciki.

Wani tsohon sakatare ne ya ja ta gefe ya ce, Hajiya, kina zuwa kasuwa bayan ta watse. Ya nuna mata cewa kasafin ana dafa shi ne makonni kafin zaman, a kwamitin kuɗi, kuma tana da ikon neman a ba ta daftarin tun da wuri. Gwaggo ba ta karanta Faransanci. Ni ce na zauna da ita dare uku lokacin hutu, ina karantawa ina fassarawa, tana cewa tsaya, maimaita wannan layin. Ita ta gano layin da aka ware wa gyaran wani gini da aka riga aka gyara bara, ba ni ba. Ni ina karanta kalmomi, ita ta san garin. Ta bi kwansaye huɗu har gida, biyu maza, ta samu alkawarinsu. A zaman da ya biyo ba ta yi dogon jawabi ba, ta ce a ɗauke kaza daga layi kaza a mai da layi kaza. An ja, an yi tsaki, wani ya ce mata sun fara. Amma an sa famfon. Shekara biyu ya ɗauka, kuma ya taɓa lalacewa, amma yana nan.

Abin da gwaggo ta yi, shi ne daidai abin da ake bukata a babbar majalisa. A ƙarƙashin kundin da aka jingine, ɗan majalisa ba ya kawo gyaran da zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi sai ya nuna inda za a samo su. Wadda ta miƙe ta ce a gina wa 'yan mata makarantun kwana, za a tafa mata. Wadda ta ce ga inda za a cire, ga inda za a sa, ita ce ake jin tsoro. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an tattara mata an zuba su a kwamitin jin daɗin jama'a, a ce ai nan ne wurinsu, lafiya da yara da al'adu. Wuri ne mai daraja. Amma kuɗin lafiyar da na yaran a kwamitin kuɗi ake yanka su.

Ni ma na yi irin kuskuren gwaggo, da digirina. Muna ɗalibai muka rubuta takardar koke a kan wani ƙuduri, muka tara sa hannu, muka yi kwana biyu muna gyara Faransancinta. Muka kai ranar babban zaure, da sabbin kaya. Wata 'yar majalisa ta karɓe mu a baranda, ta karanta, ta ce 'ya'yana, kun yi aiki mai kyau, amma kwamiti ya rufe rahotonsa tun makon jiya, ina kuke lokacin da ake sauraron ƙungiyoyi? Ba mu ma san an yi ba. Na koma gida ina jin kunya kamar in nutse. Ba wanda ya hana mu, ba wanda ya kore mu. Jadawalin ne ba mu sani ba.

Kada kuma mu ɗora wa 'yan majalisa mata abin da ba su da iko a kansa. Mun iya cewa sun je sun yi shiru, sun ci amanarmu. Wasu sun yi shirun, gaskiya ne, kamar yadda maza da yawa suka shekara biyar ba a ji muryarsu ba, ba wanda ya ce maza sun kasa. Amma ku sani, a tsarin da muka yi aiki da shi, depite da ya fice daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, mataimakinsa ya hau. Wadda jam'iyya ta ɗauko don cika kota, ba ta da mutanenta, ba ta da kuɗinta, ranar da ra'ayinta ya saɓa da na shugaban rukuni me kuke so ta yi? Ƙarfin Madam Mounkaïla shi ne ba cike gurbi aka yi da ita ba, babu ma kotar lokacin. Ta shekara da shekaru tana gina matsayinta a cikin jam'iyyar. In muna son mata masu iya cewa a'a, sai mun zama mu ne mutanensu, waɗanda za su cika baranda ranar da suke bukata, ba ranar anko kaɗai ba.

Akwai kuma maganar lakwal. Kundin 2010 ya ce aƙalla kashi 75 cikin 100 na 'yan takarar kowace lista su kasance suna da takardar BEPC. Ku tuna ajinku na firamare, ku ƙirga 'yan matan da kuka fara tare, ku ƙirga waɗanda suka kai aji huɗu na kwaleji. A nawa ajin ba su cika hannu biyu ba. Duk yarinyar da aka cire daga lakwal kafin nan, an rage mata hanyar zauren tun ba ta san da shi ba. Gwaggona kuma, da ta fi ni sanin kasafin garinsu, sai ta yi takara a ɗan ragowar kashi 25 tare da manyan 'yan kasuwa da masu unguwanni. Ku faɗa mini wa zai samu wurin.

Shi ya sa maganar harshe ba ƙarama ba ce. Ina 'yar shekara goma, a ƙarshen Mayu 2007, na ga babana manne da rediyo ranar da majalisa ta kaɗa ƙuri'ar da ta sauke gwamnatin Hama Amadou. Innata tana tankaɗe tana tambayarsa, me suka ce, me suka ce? Sai ya taƙaita mata abin da ya ga dama. Yau an ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Ni abin da zan auna shi da shi, shi ne ranar da daftarin kasafin kuɗi da dokar cikin gida ta majalisa za su fito da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da sauransu, tun kafin a kaɗa ƙuri'a, ba bayan an gama ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba babba ba ne. In aka zo rubuta sabuwar dokar zaɓe, mu duba abu biyu da idonmu: kashi 25 ɗin yana nan ko ya zame, kuma a kan waɗanda suka ci ake ƙirga shi ko an mai da shi kan 'yan takara. Wannan na biyun shi za a iya canzawa ba wanda ya lura, don a kunne duk ɗaya ne. Sannan mu nemi a faɗaɗa shi ya shiga cikin gidan: shugabancin kwamitoci, masu rubuta rahoto, kujerun taron shugabanni. Wanda ke tsara jadawali ya fi mai jawabi iko.

Kafin nan, na samo kwafin tsohuwar dokar cikin gida ta majalisa, da kasafin kuɗin wata ƙaramar hukuma na shekarun baya. Mun yi shawara da 'yan uwa za mu riƙa zama duk Asabar bayan la'asar, a nan, mu karanta aya biyar biyar, mu fassara, mu yi gwajin zama: wata ta zama shugabar majalisa, wata mai kawo rahoto, wata ta kawo gyara a ƙi shi ta sake kawowa. Wadda ba ta yi lakwal ba ta zo, ita muka fi bukata, don na gaya muku wa ya gano layin nan. Maza ma ku zo, muna bukatar waɗanda za su yi mana 82 ɗin.

A zo da littafin rubutu da biro. Gwaggo ta ce za ta zo zaman farko in an samu mota.